GIGIN TSUFA DA HAƘƘIN IYAYE A KANMU
(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Mun saba tattauna batun hanya da ruwan sha da makaranta. A yau mun zo da maganar da ba a cika yin ta a bainar jama'a ba, alhali da wuya a sami unguwar da ba ta taɓa ba, daga Dogon Daji zuwa Jabo, daga Sanyinna zuwa Kuchi. Dattijo ya gama cin tuwo ya ce ba a ba shi ba. Ya fita masallaci ko coci ya kasa gane hanyar gida. Tsohuwa ta ɓoye kuɗinta, ta manta, ta ce surukarta ta sace. Wannan shi muke kira gigin tsufa, likitoci kuma suna kiransa cutar mantuwa.

Abu na farko da ya wajaba mu sani shi ne ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba maita ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma kowane tsoho ne ke yin sa ba. A 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana nau'in da ya fi yawa, wanda ake kira da sunansa. Wani nau'in yana biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke da ciwon a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka ya gano cewa ciwon bai yi yawa a Ibadan kamar can ba, amma ya tabbatar akwai shi a ƙasarmu.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba. Duk da haka a kai tsoho asibiti, domin akwai ruɗewar da zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko wasu ƙwayoyi ke haddasawa, kuma irin wannan tana warkewa, musamman idan farat ɗaya ta zo. A fara da babban asibitin Tambuwal. Idan abin ya fi ƙarfinsu, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Zuwa Kware ba abin kunya ba ne. Mu da ba mu tsufa ba kuwa, mu riƙa auna jini da sukari, domin kula da su yana rage haɗarin.

Sauran aikin na gida ne. Kada a yi gardama da tsoho. Idan ya nemi mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa, a ja shi da hirarta maimakon a sabunta masa makoki. Kada a sauya masa ɗaki ko lokacin abinci. A nisanta shi da wuta da rijiya, a sanar da maƙwabta halin da yake ciki, a sa takarda mai lambar waya a aljihunsa. Kulle tsoho a ɗaki ko ɗaure shi zalunci ne. Haka nan, mu daina barin nauyin a kan mace ɗaya, suruka ko 'ya, tana fama dare da rana, mu kuma muna Sakkwato ko Abuja muna aiko da kuɗin cefane. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba kwanaki, a raba kuɗin magani, mai jinya ta sami hutu.

Addinanmu ba su bar mu cikin duhu ba. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Isra'i, ya hana ko da nuna ƙosawa ga iyaye idan tsufa ya riske su a wurinmu, kuma malamai sun bayyana cewa babu laifi a kan wanda hankalinsa ya gushe. Ga 'yan'uwanmu Kirista, girmama uwa da uba yana cikin Dokoki Goma, sannan wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti ta ɗora kula da gwauraye a kan 'ya'ya da jikoki. Masu jinya sun shaida cewa tsohon da ya manta sunan ɗansa yakan riƙe Fatiha, ko Addu'ar Ubangiji da waƙoƙin sujada. To, a zauna a yi su tare da shi. Liman da fasto su riƙa ziyara, su yi wa mai jinya addu'a kamar yadda suke yi wa majinyaci.

A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, amma Abuja da nisa, mu ne na kusa. Saboda haka muna roƙon ƙungiya abu uku. Ta ware wani kaso na asusunta don kai marasa ƙarfi asibiti. Ta kafa kwamitin maza da mata mai zagaya gidajen da ke da irin waɗannan tsofaffi. Ta kuma roƙi malamai su tsawatar a huɗuba da wa'azi kan jifar tsofaffin mata da maita.

Waɗannan bayin Allah sun ɗauke mu sa'ad da ba mu san sunansu ba. Allah ya ba mu haƙurin riƙe su, ya sa mu gama da su lafiya, ya kyautata namu tsufan.