Tsofaffi da Kayan Zamani a Ƙasar Zamfara: Murfi, Zanen Yatsa da Lambar Sirri



Sa'ad da aka nemi in gabatar da wannan lacca, wani abokin aikina ya tambaye ni abin da zan yi magana a kai. Na ce masa murfin kwalbar magani. Ya yi dariya, ya ce ashe har abin faɗi ya ƙare wa malaman jami'a. To, ina roƙon jama'a su yi mini haƙuri, domin ina fata kafin mu tashi za a ga cewa a ƙarƙashin wannan ɗan murfi akwai maganar lafiya, da ta dukiya, da ta mutuncin iyayenmu.

Ina da gwaggo a Bungudu, wadda shekarunta sun haura saba'in. An auna ta a wani asibiti a Gusau aka ce tana da hawan jini, aka ba ta ƙwayoyi cikin kwalbar roba. Bayan mako biyu na je gaishe ta, na tarar da kwalbar a kan taga, ba a taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Ɗan nan, kullum ina murɗawa, sai ya yi ta zagayawa, ya ƙi buɗuwa." Murfin irin wanda sai an danna shi ƙasa sa'an nan a murɗa ne, kuma an rubuta bayanin haka a kansa da Turanci, farin rubutu a kan farar roba. Kunya ta hana ta tambayar surukarta. Wannan kuwa mace ce da ta yi shekaru tana kaɗi da mazari, tana fid da zare siriri wanda ni da digirina ba zan iya ba. Daga ƙarshe wani jikanta ya fasa murfin da wuƙa, ta juye ƙwayoyin a leda ta ƙulle, ta ajiye ƙarƙashin matashi, watau daidai inda yaro mai rarrafe zai kai hannu.

Akwai wata magana da ake yawan yi, wai tsofaffi ba sa son canji. Tarihin ƙasar nan bai goyi bayan wannan magana ba. Tun da aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda a 1929, ta bi ta Gusau, manoman Zamfara suka shiga cinikin gyaɗa da auduga da sikeli da takardar awo. Waɗanda muke kira tsofaffi a yau, su ne samarin da suka ga an canja kuɗi a ranar 1 ga Janairu 1973, fam guda ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, suka riƙe lissafin a ka ba tare da alli ba. Su suka karɓi takin zamani, da rediyo, da keken ɗinki, da injin niƙa. Mutumin da ya yi wannan duka ba za a ce ya ƙi zamani ba. Abin tambaya shi ne, me ya sa kayan yau suke gagarar sa?

Amsar farko tana cikin jikin ɗan Adam. Idan mutum ya wuce shekara 40, idonsa yakan fara kasa ganin ƙananan rubutu na kusa, daga baya kuma yana ta kan zo ta rufe. Ƙarfin damƙar hannu yana raguwa, sanyin ƙashi yana kama gaɓoɓin yatsu, haƙora suna zubewa. Fatar yatsa kuma tana bushewa, zanenta yana shafewa, balle ga wanda ya yi shekara hamsin yana riƙe da ƙotar fartanya a gonakin Tsafe. Wannan ba aibi ba ne, hanya ce da kowa zai bi in Allah ya ba shi tsawon rai.

Amsa ta biyu tana ga masu ƙera kayan. A da, abin da muke zuba kaya a ciki, a gida ake yin sa, mai amfani da shi kuwa maƙwabcin mai yin sa ne. Tandun kwalli, da battar taba, da ƙwarya mai faifai, da huhun goro, duk an yi su daidai da hannun yaro da na tsoho. In murfi ya yi tauri, gobe za a mayar wa dukawa su gyara. Yau kuwa kayan daga nesa suke zuwa, wanda ya zana su bai taɓa ganin wanda zai buɗe ba. Ku dubi ledar ruwan sha da ake sayarwa ko'ina: da haƙori ake buɗe ta, wanda ba shi da haƙori fa? Ku dubi ƙwayoyin da ake jerawa cikin takardar gwangwani, waɗanda in an matsa sai su yi tsalle su faɗa ƙasa. Ku dubi ranar lalacewar magani, yadda ake buga ta ƙanana kamar ƙwayar gero. Hukumar NAFDAC ta ɓullo da tsarin kankare lamba a aika ta saƙon waya don gane jabun magani a 2010, dabara ce mai kyau, amma tana bukatar ido mai gani, da yatsa mai sauri, da karatun boko.

Shi wannan murfin da ya gagari gwaggona, da kyakkyawar niyya aka yi shi. Wani likitan yara a ƙasar Kanada, Henri Breault, shi ya matsa aka ƙirƙiro shi a 1967, saboda yawan yaran da ake kawo masa sun sha maganin manya. Amurka ta kafa doka a kansa a 1970. Amma da tafiya ta yi tafiya, sai hukumominsu suka lura tsofaffi suna barin kwalabe a buɗe don gudun wahala. Saboda haka a 1995 suka gyara ƙa'ida, suka ce dole a gwada kowane murfi a hannun mutane masu shekara 50 zuwa 70 kafin a yarda da shi. Darasin a nan shi ne, sun ɗora gyaran a kan mai ƙira, ba su zargi tsoho ba.

Yanzu bari mu bar murfin roba mu koma ga wani murfin da ya fi shi tauri, watau wanda aka rufe kuɗin mutane da shi. Wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, tsofaffi suka karɓe ta da murna, domin magana ce, magana kuwa kowa ya iya. Amma a 2014 aka kawo lambar BVN ta banki, a ƙarshen 2020 aka ce a haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa. Kowanne yana neman zanen yatsa, na'ura kuwa takan ƙi karɓar yatsan manomi. Dattijo zai biya kuɗin mota daga ƙauyen Tsafe zuwa Gusau, ya yini a layi, a ce masa yatsansa bai hau ba, ya dawo gobe. Tun 2007 kuma aka cire rubutun ajami daga takardun naira 5, 10, 20 da 50, alhali da ajamin ne da yawa daga cikin iyayenmu suke karatu.

Shekarar 2023 ta fito da abin fili. Bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, takardar kuɗi ta yi ƙaranci, aka ce kowa ya koma ciniki ta waya. Jihar Zamfara tana cikin jihohi uku da suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli, tare da Kaduna da Kogi, kotu kuma ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Amma kafin nan, mun ga dattawa suna miƙa kati ga yaro mai POS, suna faɗin lambar sirrinsu da baki a gaban jama'a.

A nan ne, jama'a, zuciyar maganata take. Bahaushe ba ya roƙon Allah abin da ya fi rufin asiri. Dattijon da ya saba shi kaɗai ya san abin da ke cikin aljihunsa da rumbunsa, yau sai jikansa ya karanta masa saƙon banki, ya san nawa ya shigo, nawa ya rage. Tsohuwar da ciwonta sirrinta ne, sai ta kira wani ya buɗe mata magani. In ɗan da aka ba amana na kirki ne, an tsira da dukiya amma an rasa sirri. In ba na kirki ba ne, an rasa duka biyu. Fushin da muke gani a fuskar tsoho gaban na'ura, fushin mai gida ne da aka mayar ɗan kallo a cikin harkarsa.

Me ya kamata a yi? Na farko, masu ba da magani a asibitoci da kantuna su sa tsoho ya buɗe kwalba a gabansu kafin ya tafi, su rubuta ƙa'idar sha da manyan baƙaƙe, da Hausar boko ko ajami. Na biyu, bankuna da ofisoshin tantance 'yan fansho su ware layi da kujera don dattawa, su tanadi wata hanyar shaida ga wanda yatsansa ya shafe. Na uku, akwai dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a 2018. Ya dace cibiyar ta nemi a riƙa gwada murfi da leda a hannun tsofaffinmu kafin su shiga kasuwa. Na huɗu, jami'o'inmu, har da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, su tura ɗalibai Tsafe da Bungudu su zauna da tsofaffi, su rubuta abin da ke gagarar su, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ƙarshe kuwa namu ne, mu 'ya'ya da jikoki. In mahaifinka ya miƙo maka waya, kada ka fizge ka danna ka mayar masa. Zauna kusa da shi, ka bar yatsansa ya danna, ko da sau goma ne, ka kau da kai in zai sa lambarsa. Shi ma haka ya zauna da kai lokacin da kake koyon kai loma baki. Gwaggona dai na nuna mata yadda ake dannawa a murɗa, sau uku ta gwada ta iya, ta ce, "Ashe abin ba wuya, faɗa mini ne ba a yi ba."

Allah ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu, ya sa mu ma a kyautata mana in namu lokacin ya zo.