Kunyar tsoho, jarin ɗan damfara

Jawabin da anka gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikata a Maraɗi



Bara wani ya kira kawuna ta salula. Kawun nan tsohon malamin lakwal ne, ya yi shekara 30 yana riƙe da alli. Mai kiran ya ambaci sunansa da garin da ya gama aiki, ya ce an ƙididdige masa wani bashin kuɗin ritaya, amma sai ya aika jika 75 na buɗe takardu kafin la'asar. Ya aika. Washegari lambar ta daina shiga. Wata 4 bai faɗa ma kowa ba, sai da ya kasa sayen maganin hawan jini munka sani. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi: "Ni da na koya ma mutane lissafi, da wane baki zan faɗa?"

Wannan shirun shi na zo in yi magana a kansa. Mazambaci ya san tsoho na karɓar kuɗi a lokaci sananne, ya san ya tashi a zamanin da maganar mutum ita ce takardarsa, ya kuma san in ya cuce shi, kunya za ta rufe masa baki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tarkon iri-iri ne. Akwai na biya kafin ka karɓa, wanda duniya ke kira 419, daga lambar sashen da ya hana zamba cikin dokar laifuka ta Nijeriya. Akwai mai kira da dare ya ce ɗanka ya yi hatsarin mota, likita na jiran kuɗi. Akwai mai cewa ka ci tambola, ka karanto masa lambar sirri. Akwai mai karɓar kuɗin kujerar hajji alhali hukumar alhazai, COHO, ba ta san da shi ba.

Mafi ɓarna shi ne mai alkawarin riɓa kuɗi. A 2010 kamfanin ICC Services ya rushe a Benin da ajiyar dubban mutane, fiye da miliyar 100 na sefa. A Disamba 2016 MMM ta rufe asusun mutane a Nijeriya. Dabarar guda ce tun zamanin Charles Ponzi a Amurka cikin 1920: da kuɗin sabon shiga ake biyan na farko, ran da sabbi sunka ƙare, komi ya tsaya. Ku ƴan kasuwa kun san babu hajar da ke riɓa jari cikin ƴan watanni. Kuma in saurayi ya yi hasara, yana da shekarun sake nema. Tsoho ba ya da su.

To, mi za mu yi? Ma'aikata, ku faɗa ma tsofaffin da ke zuwa biro cewa ba a biyan haƙƙin ritaya ta hanyar aika ma wani kuɗi a salula. Masu wuraren aika kuɗi, in kun ga dattijo cikin gaggawa, waya manne a kunne, ku tambaye shi cikin ladabi wa zai aika ma. Mu kuma ƴaƴa mu yi yarjejeniya da iyayenmu: duk kuɗin da anka ce a aika yanzu-yanzu, a kira ɗaya daga cikinmu tukuna, lambar sirri kuwa ba a faɗa ma kowa.

In abin ya riga ya faru, kada mu yi faɗa, kada mu yi dariya. Mu adana lambar da takardar aikawa, mu raka tsoho komisariya ko wajen jandarma. Dokar ranar 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci a kan zamba ta hanyoyin sadarwa, amma alƙali ba ya shari'ar ƙarar da ba a kai masa ba.

Kawuna bai samu kuɗinsa ba. Sai dai yanzu duk Juma'a yana ba tsaransa labarin a ƙofar masallaci, kuma shi ya ba ni izinin in faɗa muku.

Allah shi rufa ma iyayenmu asiri.