Amsoshin Wasiƙunku: Me ake nufi da CD38 a takardar gwajin jini?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Funtuwa. Ya ce an auna jinin mahaifinsa, aka ce yana da sankarar jini irin wadda likitoci ke kira CLL, an kuma rubuta CD38 a takardar, amma likita bai ba shi ko ƙwaya ɗaya ba, ya ce ya dawo bayan wata uku. Yana tambaya, shin ba sakaci ba ne wannan?

To malam, Allah ya ba Baba lafiya. A'a, ba sakaci ba ne.

Ita wannan cuta tana kama wani jinsi ne na fararen ƙwayoyin jini da ake kira B, waɗanda aikinsu shi ne kare jiki. Sai su yi ta taruwa a jini da ɓargo da saifa da kaluluwa, ga yawa amma ba aikin kirki. Ta fi kama dattawa, a ƙasashen Turai yawanci 'yan wajen shekara 70, kuma maza sun fi mata. Kafin a ce ita ce, sai an sami irin waɗannan ƙwayoyi aƙalla 5,000 a cikin maikirolita ɗaya na jini.

Yanzu ga batun CD. Ka san yadda a da ake duban zanen fuska a ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare? To haka kowace ƙwayar jini take da zanenta a bayanta, kuma akwai na'urar da ke tura ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza tana karantawa. Ƙwayar CLL tana ɗauke da CD19 da CD23, sannan ga CD5, wanda galibi zanen wani gida ne daban, wato jinsin T. Wannan haɗin shi ke tona mata asiri.

Shi kuwa CD38 ba gane cutar ne aikinsa ba, halinta yake nunawa. A 1999 masu bincike a jihar Niyok ta Amurka suka nuna cewa idan kashi 30 cikin 100 na ƙwayoyin ko fiye suna da shi, cutar ta fi saurin tafiya. Daga baya aka gano CD49d, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin su maƙale a kaluluwa da ɓargo, inda suke samun mafaka su hayayyafa. Shi ma kashi 30 ne ma'auninsa. Saboda haka ka duba da kyau, nawa aka rubuta a gaban CD38 ɗin? Ganin sunan kawai bai ce komai ba. Kuma ko da ya yi yawa, hasashe ne, yana ma iya canzawa da lokaci. Likitocin yau sun fi ba da ƙarfi ga gwajin ƙwayoyin gado, musamman IGHV da TP53, domin idan TP53 ya lalace tsofaffin magungunan sankara ba su cika yin tasiri ba, sai a nemi sababbi irin su ibrutinib da Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 2014.

Dalilin jira kuwa shi ne an gwada, an ga fara magani tun babu alamun ciwo ba ya ƙara tsawon rai, sai dai wahalar magani da kashe kuɗi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar ma ba sa buƙatar magani har ƙarshen rayuwarsu.

Amma fa a sa ido. Idan Baba ya fara rama sosai, ko gumin dare mai jiƙa riga, ko zazzaɓi ba dalili, ko kaluluwa na ƙara girma, ko gajiya da ɗashewar ido, kada a jira wata ukun, a koma asibiti nan da nan. A kuma adana duk takardun gwaji wuri ɗaya, domin likita na son ganin ko ƙwayoyin sun ninka cikin ƙasa da wata shida.

Sai mu leƙa wasiƙa ta gaba.