Ɗamarar Da Ke Cikin Jiki: Jawabi Kan Ciwon Ƙugu Ga Manoman Gaya Da Ajingi

Na san wasu sun baro ƙauyukan Ajingi tun da asuba don su iso Gaya a kan lokaci. Mun gode.

Kun saba ji na ina maganar taki da iri da rijiya. Yau maganar ƙugu na kawo, kuma ga dalili. Wata shekara muna sauke taki daga mota, sai na sunkuya na fizgi buhu mai kilo 50, na murɗa jiki zan aza shi gefe. Nan take na ji kamar an soka mini mashi a kwankwaso. Mako biyu ban iya hawa babur ba. Ni mai albashi ne, an yi mini uzuri. Amma manomin da wannan ya same shi lokacin noman firi, wa zai yi masa uzuri? Ciyawa ta cinye geron, kuɗin ƙwadago kuma babu. Ciwon mutum ɗaya ya zama yunwar gida guda.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya.

Ku dubi rumbu. Yana da gindi, yana da jiki, yana da murfi. Haka tsakiyar jikinmu take. Tsokar numfashi da ke ƙarƙashin haƙarƙari ita ce murfin, tsokokin ƙasan mara su ne gindin, tsokokin ciki da na gefe da na baya kuwa sun kewaye mu kamar ɗamara. A ƙugu akwai gaɓoɓin ƙashin baya guda 5, su ke ɗauke da nauyin duk saman jiki. In ɗamarar nan ta kama da kyau, sai nauyi ya rarrabu. In ta gaji ta saki, sai ya taru a wuri ɗaya.

Na san abin da baba a can yake cewa a ransa: “Yaro, mu da muke huɗa tun kafin a haife ka za ka koya wa motsa jiki?” Baba, ka yi haƙuri. Ƙarfi kam kuna da shi, kun fi ni nesa ba kusa ba. Sunkuyo ma ba laifi ba ne, an yi baya don ya lanƙwasa. Matsalar ita ce sunkuyo iri ɗaya tun daga hantsi har rana ta take, ba miƙewa. Ga kuma wata: watanni da dama na rani fartanya tana rataye, ruwan shuka yana sauka sai kowa ya faɗa gona kamar jiya ya bari. Jikin bai shirya ba. Iyayenmu mata kuwa ba su da rani ba su da damina. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, rabin buhun taki ke nan a ka, ga goyo a baya, ga daka tana jira a gida.

To ga abin da nake roƙo: minti 10 kullum a kan tabarma, a fara tun wata biyu kafin damina. Ka kwanta rigingine, ka tanƙwara gwiwoyi, ka ɗaga ɗuwawu sama har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ka ƙirga 10, ka sauko a hankali. Sai ka durƙusa kamar mai rarrafe, ka miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, ka riƙe bayanka kamar an ɗora maka ƙwaryar nono ba ka so ta zube, sannan ka canza. Na ƙarshe, ka kwanta a gefe, ka dogara da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, ka ɗaga ƙugu daga ƙasa. Kowanne sau 5 ya isa a farko. Kada a riƙe numfashi. Jin gajiya daidai ne, amma in zafi ya harba zuwa ƙafa, a tsaya. Mai juna biyu da mai jego su tambayi ma'aikaciyar asibiti tukuna.

A gona kuma, duk ƙarshen kunya biyu ko uku a miƙe, a dafa ƙugu, a ɗan karkata baya. In za a ɗaga buhu, a matso kusa da shi, a tanƙwara gwiwa, a ɗaure ciki, a juya da ƙafafu maimakon murɗa ƙugu. Buhun hatsi na mutum biyu ne. Maza, baro ko amalanken da ke kai amfanin gona kasuwa zai iya ɗebo ruwa ma.

Matasa masu ƙwallo, wannan naku ne. Akwai tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna FIFA 11+, kuma ɗaga ƙugu ta gefe yana cikinsa. An gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kimanin kashi 40 cikin 100. Masu kokawa sun daɗe da sanin cewa wanda ƙugunsa ya saki shi ke shan ƙasa.

In ciwon ya riga ya zo, yawancinsa yakan lafa cikin 'yan makonni, kuma yin tafiya kaɗan-kaɗan ya fi kwanciya dare da rana. Ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac, in aka mayar da su abincin kullum, suna cin ciki, suna lalata ƙoda. Tramadol kuwa kun ga abin da ya yi wa 'ya'yanmu.

Sai dai akwai ciwon bayan da tabarma ba ta maganinsa. In ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya dena jin taɓi, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, a tafi asibiti a ranar. In ciwon ya zo da rama, da zazzaɓi, da gumin dare, ko wani ƙullutu ya fara fitowa a gadon baya, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashi, kuma yana da magani. A fara da Babban Asibitin Gaya, in abin ya fi ƙarfinsu akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Yanzu a shimfiɗa tabarmi, maza a ƙarƙashin darbejiyar nan, mata a cikin ajin makaranta. Baba, kai za ka fara ko ni?