Faɗa Da Rauni: Abin Da Doka Ta Ce

Yau za mu yi magana a kan faɗa, da hukuncin wanda ya ɗaga wa ɗan'uwansa hannu. Mun zaɓi wannan magana don da yawa daga cikin waɗanda ake ɗaurewa saboda duka ba ɓarayi ba ne, ba kuwa 'yan fashi ba. Manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa kamarmu. Gardamar iyakar gona, ko ɓarnar shanu, ko bashin da aka ƙi biya, su ne ke kai su kurkuku.

A cikin 1959 aka yi wa Jihar Arewa babban littafin dokokin laifi, wanda ake kira Final Kod. Ya fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960. An yi koyi da na ƙasar Sudan wajen tsara shi. Wannan littafi bai haɗa faɗa duka a kwando ɗaya ba. Ya jera shi hawa hawa, kamar matakala.

Hawa na fari, barazana. A ce mutum ya zare sanda, ko ya dunƙule hannu ya tasam ma wani, har wancan ya tabbata dukansa za a yi. To, ya yi laifi, ko da bai taɓa shi ba. Haka kuma wanda ya ture mutum, ko ya fizge masa riga don ya ɓata masa rai. Sashe na 265 ya ce ana iya ɗaure shi har shekara 1, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyu.

Hawa na biyu, jin ciwo. Wanda ya doki wani da gangan har ya ji masa ciwo, shi ma ɗaurinsa na iya kai shekara 1. Wannan yana cikin sashe na 246.

Hawa na uku, mummunan rauni. Sashe na 241 ya lissafta irinsa. Akwai makantar da ido, da kurmantar da kunne. Akwai yanke gaɓa ko nakasa ta. Akwai ɓata fuska har abada. Akwai karya ƙashi ko haƙori, ko gurɗa su. Akwai kuma ciwon da ya kusa kisa, ko wanda ya hana mutum aikinsa har kwana 20. Hukuncin wannan na iya kai shekara 7, ga kuma tara. Ku lura da haƙorin nan. Naushi guda ya isa ya fitar da shi.

Bayan girman rauni, alƙali zai tambayi abin da aka riƙe a hannu. In da wuƙa ne, ko adda, ko kibiya, ko wuta, ko guba, sashe na 248 ya ƙara nauyin laifin. Ƙaramin ciwo da makami na iya jawo shekara 3. Mummunan rauni da makami kuwa har shekara 14. Yaron da aka bari yana rarrafe, kafin uban ya fito ya isa riƙe garma.

Zai kuma tambaya, ko an tsokani mai laifin? In tsokana ce mai tsanani, wadda ta zo farat ɗaya, ana sassautawa. Ƙaramin ciwo ba zai wuce wata 1 ba, mummunan rauni ba zai wuce shekara 4 ba. Amma wanda ya koma gida ya kwana, ya wasa adda, ya dawo da safe, ba shi da wannan sassauci. Wanda ya tono faɗan da kansa don ya sami hanyar duka, shi ma haka.

Wani zai ce, to, in an tasam mini fa? Doka ta yarda mutum ya kare kansa da dukiyarsa. Sai dai kada ya wuce gwargwadon abin da zai tsare shi. In abokin faɗa ya juya ya gudu, bin sa da gora ba kare kai ba ne, ramuwa ce.

In kuwa wanda aka doka ya mutu, magana ta tashi daga rauni ta koma kisan kai. Nan hukunci na iya zama ɗaurin rai da rai, ko kisa.

Waɗannan shekaru da muka faɗa, na littafin 1960 ne. Daga baya jihohi sun yi gyare-gyare. A cikin 2000 Zamfara ta fara hukunta Musulmi da dokokin Shari'a, inda ake maganar ƙisasi da diyya, wasu jihohi suka bi. Kaduna ta sabunta nata littafin a cikin 2017. Saboda haka kowa ya tambayi dokar jiharsa. Amma ko'ina, rauni ya fi girma, hukunci ya fi nauyi.

To, jama'a, in rigima ta taso, mu ajiye abin da ke hannunmu tukuna. Mu kai ƙara wurin mai unguwa ko dagaci. In an ji wa wani ciwo, a kai shi asibiti, a sanar da 'yan sanda, a riƙe takardar likita, don ita ce shaida gaban alƙali. Haƙurin rabin sa'a ya fi ɗaurin shekara 7 sauƙi. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.