Likita Nawa Zai Ishi Ɗakin Gaggawa?

 

Kukan da na fi ji a zango shi ne, wai an kai mara lafiya asibiti da dare, aka bar shi a benci, wanda ya zo bayansa kuwa aka shige da shi. To, ku ba ni aron kunnuwanku, mu yi lissafi irin na kasuwa.

Mako guda awa 168 ne. Ma'aikaci kuwa, bisa dokar ƙwadago ta Ghana, awa 40 ne aikinsa a mako. Ashe kujera ɗaya tak, in ana so kada ta rasa likita dare da rana, sai an sami likita huɗu da ɗoriya. In ka sa hutu da rashin lafiya, don su ma 'yan Adam ne, sai ka ce biyar. Ɗakin da ke bukatar likita uku a lokaci guda, goma sha biyar ke nan zai ci. Shago ana rufe shi da magariba, amma wannan ƙofa ba ta da kwaɗo.

Yawan kuma ba shi kaɗai ba ne, sai da gwaninta. Tsofaffinmu sun tuna ran 9 ga Mayu 2001, da mutum fiye da 120 suka rasu a filin ƙwallo na Ankara, ranar wasan Kotoko da Hearts. Bayan wannan musiba aka kafa hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya a 2004. A 2009 aka buɗe sabon ginin gaggawa a asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, kuma a shekarar aka soma horad da likitocin gaggawa a nan Kumasi tare da Jami'ar Michigan ta Amurka. Na farkonsu sun gama a 2012. Shekara uku ke nan bayan mutum ya riga ya zama likita, kun ga ba shukar alayyafo ba ce.

Da yake hannuwa kaɗan ne, ba a bin layi, ciwo ake bi. Nas za ta auna numfashi da bugun zuciya da jini, ta ba mutum launi. Ja, a gan shi nan take. Ruwan lemo, cikin minti 10. Rawaya, cikin awa guda. Kore yana iya jiran awa huɗu. Wanda aka shige da shi gabanka ba hanci ya ba da ba, ransa ne ke hannun Allah.

Saboda haka in kun je, mutum ɗaya ya tsaya ya yi bayani, sauran dangi su koma waje, don taronmu yakan toshe hanya. A riƙo katin inshora da magungunan da mara lafiya ke sha. In kuwa an ba shi kore sa'an nan jikinsa ya sake, kada a ji nauyi, a koma wurin nas a ce ta sāke aunawa. Lambar kiran motar asibiti 112 ce.