Ƙaiƙayin Dubura ga Yara: Tsutsar Zare da Maganin Gargajiya

Jawabinmu na yau a kan yaron da ke kwana yana susar dubura ne, ya kasa barci, ya wayi gari da ƙyuya. A Katsina da Maraɗi, a Illela da Ƙonni, akan ce basir ne ko ɗankanoma. Sau da yawa kuwa wata 'yar farar tsutsa ce mai kama da guntun zare, tsawonta kimanin santimita 1. Ta bambanta da macijin ciki, ta kuma bambanta da tsila.

Tsutsar tana zaune ne a babban hanji. Da dare macen takan fito ta zuba dubban ƙwai a bakin dubura, abin da ke jawo ƙaiƙayin ke nan. Yaro ya yi susa, ƙwai ya maƙale a farce, daga farce ya koma baki ko kwanon da ake ci tare. Ƙwan yakan rayu mako 2 zuwa 3 a jikin tufafi da shimfiɗa. Daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa. Awaki da kaji ba sa ɗaukarta. Gwajin bayan-gida ba ya cika nuna ta, amma idan kun haska fitila awa 2 ko 3 bayan yaro ya yi barci, kuna iya ganinta tana motsi.

Mun san abin da ake fara nema a gida: tafarnuwa, 'ya'yan gwanda, 'ya'yan kabewa, habbatussauda, da darbejiya, wadda wasunmu ke kira bedi ko dogon yaro. Ba mu zo raina abin da muka gada ba. Tafarnuwa a miya da 'ya'yan kabewa abinci ne mai kyau. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da aka tabbatar yana raba mutum da wannan tsutsa. Ƙaiƙayin yakan lafa da kansa na 'yan kwanaki, sai a ɗauka jiƙo ya yi aiki, alhali ƙwai na nan a ɗaki.

Abubuwa uku muke roƙon ku guje musu. Kada a cusa ɗanyar tafarnuwa ko barkono a duburar yaro, domin suna ƙona fata su bar gyambo. Kada a ba ƙaramin yaro man darbejiya ya sha. Yana jawo amai da jijjiga, yana iya kai wa ga rasa rai. Kada kuma a ɗura jiƙo ko ruwan kanwa ta dubura, domin hanjin yaro ba ya jure wannan. Idan wurin ya yi ja, a wanke da ruwan ɗumi, a busar, a shafa man kaɗanya kaɗan. Zai rage zafi, amma ba ya kashe tsutsa.

Maganin da aka tabbatar mai araha ne: mebendazole miligiram 100 ko albendazole miligiram 400, sha ɗaya. Yana kashe tsutsa, ba ya kashe ƙwai, saboda haka wajibi ne a maimaita bayan mako 2. Duk mutanen gida su sha a rana ɗaya, har da wanda ba ya susa. Mai juna biyu, musamman a watanni 3 na farko, da yaron da bai kai shekara 2 ba, sai ma'aikacin lafiya ya duba su tukuna. Ku karɓi magani a asibiti, ko gidan likita, ko kantin magani mai rajista. Na faifan talla da ya wuni a rana a kasuwar kan iyaka ba abin dogaro ba ne.

Sauran aikin na tsabta ne, kuma a riƙe shi har mako 6. A yanke farce. A wanke hannu da sabulu bayan tsarki da kafin cin abinci. A yi wa yaro wanka da sassafe, a sauya masa wando kullum, ya kwana da wando. A wanke zanen shimfiɗa ba tare da an kakkaɓe shi a ɗaki ba, a shanya shi da tabarma a rana. Idan yaranku sun yi hutu wajen dangi a tsallaken iyaka, ku aika musu su ma su sha, kada ciwon ya dawo da ziyara ta gaba.

Ku kawo yaro da gaggawa idan akwai jini, ko rama, ko ciwon ciki mai tsanani, ko kuma yarinya tana kukan ƙaiƙayi a gabanta. Idan kun riga kun ba da wani jiƙo, ku faɗa mana sunansa. Ba za mu yi faɗa ba, sanin zai taimaka mana. Wannan ciwo ba abin kunya ba ne, yana shiga gidan mai hali da na talaka. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.